Mu bakwai ne a kamfani, wace inshorar lafiya ce za ta yi mana?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce shekara biyu ke nan da ka buɗe kamfani, ku bakwai ne har da kai, kana so ka yi wa ma'aikatanka inshorar lafiya amma farashin da aka yanka maka ya sa gabanka ya faɗi. Ka kuma ce wani abokinka ya ba ka shawarar ka rabu da inshora, duk wanda ya kwanta ciwo ka ciri kuɗi daga kamfani ka biya masa asibiti. Kana tambaya ko akwai wata hanya.

Akwai hanyoyi, zan zo kansu. Amma bari in fara da shawarar abokin naka, domin ita ce ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi haɗari. Na daɗe ina aikin shirya wa ƙananan kamfanoni inshora, kuma ba na jin akwai shawarar da na fi yawan roƙon mutane su bari kamar wannan.

Inshora ba komai ba ce illa taron jama'a. Mutane da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa a wannan shekarar sai a ɗauki nauyinsa daga abin da aka tara. Ƙarfinta gaba ɗaya yana cikin yawan mutanen. Ga wani lissafi, don misali kawai na kawo shi. A ce a kowace shekara mutum ɗaya cikin 100 yana gamuwa da babban ciwo, kuma jinyarsa tana cin ninki 100 na abin da mutum ɗaya yake zubawa a shekara. Idan mutum 10,000 ne a asusun, kusan kowace shekara za a samu masu irin wannan ciwo tsakanin 80 zuwa 120. Ana iya yin shiri a kan wannan, kuɗin da aka tara zai kai ko ya kusa. To, mayar da lissafin kan ku bakwai. A mafi yawan shekaru babu wanda zai kwanta, sai ka riƙa ganin kamar ka yi dabara da ba ka biya kamfanin inshora ba. Amma shekarar da abin ya faɗa wa ɗayanku, zubin ku bakwai na shekara 14 zai tafi a jinyar mutum ɗaya. Kamfani mai shekara biyu ba shi da zubin shekara 14 a ajiye.

Na ga wannan da idona. Wani mai kamfani, mutumin kirki, ma'aikatansa ba su kai goma ba, ya yi shekaru yana biya wa yaransa kuɗin asibiti daga aljihun kamfani. Zazzaɓi ne, haihuwa ce, karaya ce, duk yana biya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sai ƙodar ɗaya daga cikinsu ta daina aiki, aka ce sai wankin ƙoda sau uku a mako. Ba a yi wata shida ba ya tsinci kansa yana zaɓi tsakanin albashin sauran ma'aikata da jinyar mutum ɗaya. A lokacin ne ya zo wurina neman inshora, kuma babu kamfanin da ya yarda ya ɗauki ciwon da aka riga aka shigo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har yau idan na tuna fuskarsa a ranar ina jin abin a raina, domin bai yi komai ba sai don alheri.

Akwai kuma wata illa da ba ta kuɗi ba. Ranar da ka zama mai biyan kuɗin asibiti, ka zama alƙali. Kai za ka yanke wa za a kai babban asibiti, wa zai haƙura da ƙarami. Ma'aikaciyar da ke neman haihuwa, ko wanda ke fama da ciwon damuwa, ko mai cutar da yake jin nauyin faɗa, dole su kawo maka takardar likita kafin su samu taimako. Da yawansu za su gwammace su yi shiru. Sirrin lafiyar ma'aikaci bai kamata ya bi ta teburin maigidansa ba, kuma inshora tana raba ka da wannan nauyi.

Yanzu kafin ka kira kowane dillali, ka fara sanin abin da dokar ƙasar da kamfaninka yake ta ɗora maka, domin bambancin yana da girma ƙwarai. A Jamus, inda aka kafa inshorar lafiyar ma'aikata tun 1883 zamanin shugaban gwamnati Bismarck, ba a tambayar ra'ayinka: ana cire kashi 14.6 cikin 100 na albashi da wani ɗan ƙari, kamfani ya biya rabi ma'aikaci ya biya rabi. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2016 duk kamfani mai zaman kansa, ko ma'aikaci ɗaya gare shi, dole ya samar da inshorar cike giɓi a kan ta gwamnati, ya kuma biya aƙalla rabin kuɗinta. Dubai ta yi doka a 2013 da ta wajabta wa masu ɗaukar aiki yi wa ma'aikatansu inshora. A Ingila kuwa akwai NHS, wato tsarin kula da lafiya na gwamnati, tun 1948, don haka inshorar da kamfani ke bayarwa ƙari ce kawai, galibi don a rage jiran layi, kuma ana ɗaukar ta a matsayin amfanin da ma'aikaci zai biya wa haraji. A Amurka, dokar lafiya ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni masu cikakkun ma'aikata 50 zuwa sama ne kawai, wanda bai kai haka ba yana da zaɓi. Ka ga ke nan amsar tambayarka tana iya zama an riga an yanke maka rabinta. Idan akwai tsarin gwamnati da ma'aikatanka suka cancanci shiga, da shi za ka fara, domin babu taron da ya kai na ƙasa girma. Abin da za ka saya daga baya shi ne abin da tsarin ya bari.

Game da tsadar da ta firgita ka, ba zalunci ba ne tsagwaronsa, akwai dalili. Kamfanin inshora ya san cewa idan aka bar mutane su zaɓa, wanda ya san yana da ciwo shi ke rige-rigen shiga, mai lafiya kuma ya ce sai wata shekara. A kamfani mai ma'aikata 2,000 wannan ba ya damunsu, saboda an ɗauki mutanen ne don aiki, masu lafiya da marasa lafiya a gauraye. Amma idan ku bakwai kuka zo, suna zargin ko akwai wanda aka zo dominsa. Ga kuma wahalar takardu, wadda kusan ɗaya ce ko mutum bakwai ne ko 700, sai dai ku kaɗan ne za ku raba kuɗinta. Shi ya sa za ka ji suna gindaya sharaɗin cewa sai kaso mai yawa na ma'aikata sun shiga (a yawancin jihohin Amurka kashi 70 cikin 100 ne a kasuwar ƙananan kamfanoni), kuma sai kamfani ya biya wani kaso na zubin. Idan ka gane wannan, ka gane dabarar gaba ɗaya: duk hanyar da za ta cusa ku cikin taron da ya fi ku girma, ita ce za ta sauko muku da farashi ta kuma hana shi tsalle.

Hanyar da kowa ya sani ita ce inshorar rukuni, wato kamfani ya sayi tsari ɗaya ga kowa, ko daga kamfanin inshora ko daga HMO, wato kamfanin da ke karɓar zubi ya shirya wa mutane jinya a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Amfaninta shi ne sauƙi ga ma'aikaci, an ba shi kati, ya san inda zai je. Sau da yawa kuma sharuɗɗan rukuni sun fi na mutum ɗaya sassauci. Abin da za ka tambaya a nan, wanda mutane kaɗan ne ke tambaya, shi ne yadda ake ƙayyade farashin shekara mai zuwa. Wasu kamfanoni suna haɗa duk ƙananan abokan cinikinsu a asusu ɗaya su yi musu farashi tare. Wasu kuma suna duba abin da ku kaɗai kuka ci a bara. Na biyun nan yakan zo da araha a shekarar farko, amma da zarar ɗayanku ya yi doguwar jinya, sai a ninka muku kuɗi lokacin sabuntawa, a daidai lokacin da ba za ku iya komawa wani wuri ba. A Amurka an hana wannan a kasuwar ƙananan kamfanoni tun 2014, ba a duba tarihin ciwo, sai shekaru da yanki da shan taba da yawan iyali, kuma ba a cajin dattijo fiye da ninki uku na matashi. A wuraren da babu irin wannan kariya, sai ka kare kanka da tambaya. Ni dai ina fifita asusun haɗaka ko da ya ɗan fi tsada a farko.

Hanya ta biyu ita ce ka shiga inuwar wasu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a iri ɗaya sukan yi ciniki da kamfanin inshora a madadin mambobinsu, sai ku bakwai ku zama wani yanki na mutum dubu. Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ita ce riƙe wa ƙananan kamfanoni harkar ma'aikata, su biya albashi, su cire haraji, su sa mutanenka cikin babbar inshorarsu, kai kuma ka biya su ladan aiki. Sababbin kamfanonin fasaha suna yawan bin wannan hanya, musamman idan ma'aikatansu suna warwatse a garuruwa ko ƙasashe daban-daban. Tana da kyau, sai dai ka tabbatar akwai kamfanin inshora mai lasisi a bayan tsarin, ba asusun ƙungiya kawai ba, ka kuma tambayi abin da zai faru da inshorar ranar da ka rabu da su.

Hanya ta uku ita ce nake so ka tsaya ka yi tunani a kanta sosai, domin ta fi dacewa da kamfanin da kuɗin shigarsa ke hawa da sauka. Maimakon ka sayi tsari, sai ka ware wa kowane ma'aikaci wani adadi tsayayye a wata, shi ya je ya sayi inshorar da ta dace da shi, ya kawo shaida, ka mayar masa. Kai ka san iyakar abin da za ka kashe tun farkon shekara. Shi kuma inshorar tasa ce, ko ya bar aikin tana tare da shi. Mai mata da 'ya'ya ya zaɓi ta iyali ya cika daga aljihunsa, saurayi ya zaɓi ƙarama, wadda mijinta ya riga ya sa ta a inshorar wurin aikinsa ba a tilasta mata biyu ba. Amurka ta yi wa wannan tsari doka ta musamman: a ƙarshen 2016 aka samar da wani nau'insa mai suna QSEHRA ga kamfanonin da ba su kai ma'aikata 50 ba, da iyakar kuɗin da hukumar haraji ke sanarwa duk shekara, sannan daga Janairun 2020 aka ƙara wani mai suna ICHRA wanda ba shi da wannan iyaka. Amfanin bin waɗannan shi ne kuɗin ba ya shiga lissafin haraji. Wanda kuma ya riƙa mayar wa ma'aikata kuɗin inshora haka kawai ba ta waɗannan hanyoyi ba, yana iya jawo wa kansa tarar dala 100 a kowace rana kan kowane ma'aikaci. Na kawo wannan ne don ka ga cewa abu mai kama da sauƙi yana iya samun tarko, ka zauna da akanta kafin ka fara.

Sharaɗi biyu ne ke sa wannan hanya ta yi aiki. Na farko, a ce kasuwar inshorar mutum ɗaya a inda kuke tana da kyau, ba ta korar mai tsohon ciwo. Idan tana kora, to wanda ya fi kowa buƙata a cikin ma'aikatanka shi za a bari a waje, gara inshorar rukuni. Na biyu, kada ka zuba kuɗin cikin albashi ka ce kowa ya je ya yi wa kansa. Ba don mutane ba su da hankali ba, sai don kuɗin haya da na makaranta suna ƙwanƙwasa ƙofa yau, ciwo kuwa bai zo ba tukuna. Sai da shaida za ka biya.

Za ka iya jin dillali yana tallata maka wani tsari inda kamfani ke biyan ƙananan kuɗaɗen jinya daga asusunsa, sannan ya sayi inshorar da za ta karɓi nauyi idan asara ta wuce wani mizani. Ga kamfani mai ma'aikata ɗaruruwa yana da ma'ana. Ga mutum bakwai, ka bar shi. Idan kuma kai ko ma'aikatanka kuna da damuwa ta addini game da inshorar da aka saba, akwai takaful, wato inshorar da aka tsara bisa ƙa'idojin Musulunci, wanda aka fara a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi masa doka a 1984. Akwai kamfanoninsa da ke da tsarin lafiya na rukuni, kuma duk tambayoyin da zan lissafa maka sun shafe su su ma.

To, a ce kuɗinka ba zai kai ga komai da komai ba, wanda na tabbata haka ne. Me za ka riƙe, me za ka saki? A nan ne mafi yawan masu ƙananan kamfanoni ke kuskure, kuma na fahimci dalili. Suna zaɓar tsarin da ke biyan ganin likita da maganin zazzaɓi da gilashin ido, saboda shi ne ma'aikata za su gani su yi godiya kowane wata. Sai ka duba can ƙasan takarda ka ga iyakar abin da za a biya a shekara ba za ta ɗauki tiyata ɗaya ba. Wannan katin rangwame ne, ba inshora ba. Maganin mura ma'aikaci zai iya saya da albashinsa. Abin da ba zai iya ba shi ne kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman, ko haihuwa ta hanyar tiyata da jariri a kwalba, ko maganin sankara. Idan dole ka rage, ka rage daga ƙasa: ka yarda ma'aikaci ya riƙa biyan wani ɗan kaso na farko daga aljihunsa, a madadin haka ka sayi rufi mai tsawo a kan manyan cututtuka. Idan da sauran kuɗi, sai ka ware ɗan asusu a kamfani na taimaka wa masu ƙaramin albashi da wannan kaso na farko. Irin wannan taimako yana da iyaka, ba zai karya ka ba. Ka ga a nan shawarar abokinka tana da gurbi, amma a ƙarƙashin inshora, ba a madadinta ba.

Idan aka kawo maka takardar tsari, kada ka fara da shafin farashi, ka fara da shafin abubuwan da ba a biya. Ka nemi iyakar shekara, ka kuma nemi ƙananan iyakokin da ke ɓoye a cikinta, domin ana iya rubuta babban adadi a sama sannan a ce tiyata ba za ta wuce kaza ba, wankin ƙoda sau kaza ne kawai. Ka tambayi lokacin jira: haihuwa takan zo da jiran watanni da yawa, har shekara, haka tsofaffin cututtuka irin su ciwon suga da hawan jini. Ka karɓi jerin asibitocin, ka duba ko akwai na kusa da gidajen mutanenka, ba na kusa da ofis kawai ba, tunda ciwon dare a gida yake samun mutum. Sannan ka yi abin da nake yi wa kowane abokin ciniki: ka kira asibiti biyu ko uku daga jerin, ka nemi sashen kuɗi, ka tambaye su ko wannan kamfani yana biyansu a kan lokaci. Kamfanin da ke riƙe wa asibitoci kuɗi, masu katinsa ne ke shan wulaƙanci a bakin kanta. Ka kuma tambayi dillalin kai tsaye nawa ne ladansa a kowane tsarin da ya kawo maka. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Kada ka manta da rangwamen haraji, domin yakan canza lissafin. A ƙasashe da yawa abin da kamfani ya kashe a inshorar ma'aikata ana cire shi kafin a lissafa riba. A Amurka har akwai wani rangwame na musamman ga kamfanin da bai kai cikakkun ma'aikata 25 ba, mai matsakaicin albashi ƙasa da wani mizani, wanda ke biyan aƙalla rabin zubin ta SHOP, wato kasuwar inshorar da gwamnati ta kafa wa ƙananan kamfanoni: ana iya mayar masa da har rabin abin da ya biya, amma na shekara biyu a jere kawai.

Da ni ne a matsayinka, ga yadda zan yi. Zan zauna in duba watan da ya fi kowanne muni a shekara biyun nan, in tambayi kaina nawa zan iya biya wa kowane mutum a irin wannan wata ba tare da na taɓa albashi ba. Wannan adadin shi ne kasafina, daidai ruwa daidai tsaki. Dalili shi ne janye inshora bayan an bayar ya fi rashin bayarwa ciwo, musamman idan wani ya fara jinya a kanta ko matarsa tana da ciki. Gara ka fara da ma'aikata su kaɗai, ka buɗe wa mai so ƙofar sa iyalinsa da kuɗinsa a farashin rukuni, shekara mai zuwa idan kasuwa ta yi kyau ka ɗauki wani kaso na iyalin. Da kasafin a hannu zan nemi farashi daga wuri uku, ɗaya daga ciki ta hanyar ƙungiya ko wata babbar inuwa, in kwatanta da tsarin ware kuɗi. Kafin nan zan tambayi mutum shidan, kowa shi kaɗai, ko yana da wata inshora da kuma asibitin da yake zuwa. Ba zan tambayi kowa ciwonsa ba, idan kamfanin inshora yana buƙatar wannan bayani, kowa ya cike takardarsa ya aika musu kai tsaye.

Ranar da katunan suka zo, kada ka raba su kawai. Ka sa dillalin ko wakilin kamfanin ya zo ya zauna da ku awa ɗaya, ya bayyana wace lamba ake kira da dare, wane aiki ne sai an nemi izini kafin a yi shi, me mutum zai yi idan gaggawa ta kai shi asibitin da ba ya cikin jeri, da kwana nawa yake da su na kai rasit. Ka kuma rubuta a takardar aikin kowa ranar da inshorar sabon ma'aikaci ke farawa da ranar da ta wanda ya bar aiki ke ƙarewa, ka tambayi kamfanin ko mai barin aiki zai iya ci gaba da tsarin da kuɗinsa ba tare da an sake sa masa lokacin jira ba. Ka sa ranar sabuntawa a kalandarka, ka fara neman sabon farashi wata biyu kafin ta zo.